Bako ko Buntal: wanne ƙauyen masunta ya dace da yini ɗaya daga Kuching?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a jami'ar UNIMAS ta ƙasar Malesiya ya ce mahaifiyarsa da iyalinsa sun kawo masa ziyara, yana so ya kai su ƙauyen masuntan Malay na bakin kogi su yini su dawo. An ba shi sunaye biyu, Kampung Bako da Kampung Buntal, ya rasa wanda zai zaɓa.

Malam, ƙauyukan nan biyu gaɓa ɗaya suke kallo a arewacin Kuching, babban birnin jihar Sarawak, har sunansu aka haɗa ake kiran wurin Bako-Buntal. A mota kowanne bai kai awa ɗaya ba daga tsakiyar gari, daga Kota Samarahan kuwa, inda jami'ar take, sai ka ƙara lokaci. Galibin mutanensu Musulmi ne, akwai masallaci, gidajen bakin ruwa a kan turaku suke. Amma yinin da za ka yi a ɗaya ba shi ne na ɗayan ba.

Kafin komai sai an fahimci cikar teku da janyewarta, domin mu da muka saba da kogin da sai damina yake cika, nan ne ake yawan yin kuskure. A bakin kogunan nan ruwa yana cika ya janye kusan sau biyu a kwana, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Mutanen wurin suna ce wa cikar pasang, janyewar kuma surut. Ya fi tsanani a tsayuwar wata da kuma 14 zuwa 15 ga wata: cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa, sai ka ga laka shimfiɗe iya ganinka, kwale-kwale kwance a kanta. Duba jadawalin ruwan Kuching a waya tun ana gobe.

Bako ƙofa ce. Yawancin baƙi ba ƙauyen suke zuwa gani ba, wucewa suke yi zuwa gandun dajin Bako, wanda aka kafa a 1957, shi ne mafi daɗewa a Sarawak, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 27. Babu hanyar mota zuwa cikinsa. A tashar jirgin ƙauyen za a yi rajista, a biya kuɗin shiga daban, na jirgi daban, kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, don haka a riƙe fasfo da kuɗi a hannu. Tafiyar ruwan kamar minti 20 ce zuwa Telok Assam, inda ofishin gandun yake. A cikin waɗannan mintunan ne za ka ga ƙauyen da kyau: bayan gidaje, raga a shanye, turakun kamun kifi kafe a tsakiyar ruwa, kurmin bakau, itacen da ke tsiro a lakar bakin teku, da saiwoyinsa a waje.

Ga inda abin yake ɓaci. In ruwa ya janye jirgi ba ya isa matsaya, sai a tsaya can nesa, kowa ya cire takalmi ya naɗe wando ya taka cikin ruwa zuwa tudu. Ga saurayi wannan wasa ne. Ga Hajiya da zane da ciwon gwiwa, ko mai goyo, ba wasa ba ne. Na biyu, jiragen komowa suna tsayawa tun da la'asar sakaliya ba ta yi ba, galibi wajen ƙarfe uku, don haka wanda ya bar gida ƙarfe goma ya sayi gajiya kawai. A isa tasha kafin takwas da rabi, a kuma tsayar da lokacin ɗauka da mai jirgin tun kafin a sauka, a karɓi lambar wayarsa. Na uku, daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin landas ne, iska da igiyar ruwa suna ƙarfi, akan dakatar da jirage ba tare da dogon gargaɗi ba.

Abin da ake samu a ciki kuwa ya isa wahalar. Birin nan mai dogon hanci da tumbi, wanda sai a tsibirin Borneo ake samunsa, yana saukowa kusa da ofis da sassafe da yamma. Hanyar Telok Paku kamar awa ɗaya ce zuwa, ita ta fi sauƙi, ta Telok Pandan Kecil ta kai awa ɗaya da rabi kuma akwai hawa. Ƙananan birai ɓarayi ne na gaske, leda a hannun yaro fizgewa suke, a sa abinci a jaka mai zif. Aladun daji masu gemu suna yawo har bakin wurin cin abinci, gara a faɗa wa Hajiya tun a gida. Idan wani ya ce a ƙara kuɗi ya kai ku ganin dutsen nan mai kama da kan gamsheƙa da ke cikin hotuna, ya rushe tun Fabrairun 2024.

Buntal ba ta da wannan lissafin. Tana kan hanyar Santubong da Damai, mota tana kai ka har bakin ruwa, babu tikiti, babu jirgi. Abin da ake zuwa yi shi ne sayen kifi da cinsa. Matan ƙauyen suna kasa kifi, ƙaguwa da jatan lande a rumfunan gefen titi, da busasshen kifi mai gishiri, da belacan, wato ƙananan jatan lande da aka gishirta aka daka aka shanya. Daddawarsu ke nan, warinta ma haka, ɗan gutsure ya isa tukunya. Nemi ambal, wani abin ruwa mai ɓawo, siriri kamar yatsa, da ake haƙowa daga laka in ruwa ya janye: a tsoma tsinke a kwaɓin farar ƙasa a zura a raminsa, sai ya leƙo a cafke. Ana soya shi da citta ko kori, a haɗa da midin, ganyen daji mai lanƙwasasshen kai da Sarawak ta yi suna da shi. A mazhabar Malikiyya abin ruwa duk halal ne, sai dai abin dubawa shi ne gidan abincin: wasu manyan na bakin ruwa ba na Musulmi ba ne kuma suna sayar da giya. A duba tambarin halal a bango, ko a ci a rumfar 'yan ƙauye. Kifi da ƙaguwa da kilo ake sayarwa, a tambayi kuɗin kilo, a ga an auna, sannan a ce a dafa. Rigimar lissafi a teburi daga tsallake wannan take tasowa.

Lokacin Buntal yamma ne. A iso bayan azahar, a zauna a dandalin bakin ruwa, dutsen Santubong mai tsayin mita 810 yana gefe. Daga Oktoba zuwa Maris tsuntsayen da ke gudo wa sanyin arewacin Asiya suna sauka a lakar, kuma an fi ganinsu lokacin da ruwa ke cikowa yana koro su kusa. Matsalarta ɗaya: Grab, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, zai kai ka cikin sauƙi, samun na komowa bayan magariba ne wuya. A yi hayar mota ta yini, ko a yi ciniki da direba ya jira.

Kada akwai shi a kogunan biyu, na ruwan gishiri, babba. Allunan gargaɗin da ke bakin ruwa ba ado ba ne. Ba a wanka, ba a alwala a bakin kogi, ba a barin yaro ya sa hannu a ruwa daga jirgi. Gidajen kuma gidajen mutane ne, a yi sallama, a ce wa dattijo Pak Cik, dattijuwa Mak Cik, a nemi izini kafin hoto.

Da Hajiya da yara, Buntal za ka je, a ranar da ba Asabar ko Lahadi ba in da hali, saboda cunkoson mutanen gari. Bako ka ajiye wa kanka da abokan karatu, a ranar da jadawali ya nuna ruwa a cike da safe, da lita biyu na ruwan sha kowa da takalmin da ba ya santsi.