Wata huɗu ina rubuta littafina a Scrivener, ga abin da na gani

'Yan uwa marubuta, tun da na ce na koma Scrivener, manhajar rubuta littafi, ake ta tambayata ko ta cancanci kuɗinta, to bari in amsa gaba ɗaya. Littafina na farko ne, babi 31, kafin nan duk a dogon fayil ɗaya yake, in ina neman inda jarumar ta fara haɗuwa da yayanta sai in yi ta ja ƙasa ina ja sama har ido ya yi min zafi.

Wani ɗan Ingila ne mai suna Keith Blount ya ƙirƙiro manhajar, shi ma labari yake son rubutawa ya rasa wadda ta yi masa. Kamfaninsa Literature & Latte ya fitar da ita a 2007 a kan Mac, ta Windows ta zo a 2011, ta iPhone da iPad kuma a 2016. Wallahi kana fara aiki da ita za ka san wanda ya sha wuyar rubutu ne ya tsara ta.

Abin da ya fi tafiya da ni shi ne kana yayyanka littafin fitowa-fitowa, kowace da wurinta a jere a gefen hagu, sannan akwai wani allo da kowace fitowa take zama ɗan kati, ka rubuta layi biyu na abin da ya faru a ciki. Ranar da na gama cike katunan na zauna ina kallonsu sai jikina ya yi sanyi, fitowa shida a jere a tsakiyar littafin duk mutum biyu ne a zaune suna hira, babu abin da ya motsa, kuma na karanta wurin nan ya fi sau goma ban taɓa lura ba. Nan take na ja katin mutuwar mahaifin daga babi na 19 na kawo shi na 12, rubutun ya bi katin da kansa, ban kwafi komai ba.

Kafin ka yi babban gyara kuma kana iya adana yadda fitowar take, in sabon bai yi ba ka dawo da tsohon, wannan ya cire min tsoron gogewa sosai. Akwai wurin sa adadin kalmomin da kake son yi a rana, ni 500 na sa.

Amma fa tana son haƙuri, musamman wajen haɗe littafin ya fita a Word ko PDF ko epub (tsarin littafin karantawa a waya ko kwamfuta), zaɓuɓɓukan suna da yawa, ka ware mata yini guda. Babu ta Android, don haka mai rubutu a irin wannan wayar kaɗai ba tasa ba ce, kuma lasisin Mac daban na Windows daban, sai dai sau ɗaya ake saya ba biyan wata-wata ba. Gwajin kyauta kwana 30 ne, kuma ranakun da ka buɗe ta kawai ake ƙirgawa.

Mai gajeren labari ban ga dole ba gaskiya. Mai dogon littafi da ya fara ɓacewa a cikinsa kam ya sauke ta gwajin, ya fara da katunan nan. Ni yanzu ina babi na 24 a gyara na biyu.