UNILAG, LASU ko a koma Arewa? Kafin ka cike JAMB ka karanta wannan

Ƙanwata ce ta gama sakandare a nan Agege, kusan sati biyu muna ta muhawara a gida kan inda za ta cike, Baba na cewa BUK, ita kuma ta nace sai UNILAG, wato Jami'ar Legas. Shi ne na ce bari in rubuta abin da na gaya mata, don yaranmu da aka haifa a Legas da yawa suna cikin wannan ruɗanin.

UNILAG da ke Akoka ta tarayya ce, tun 1962 take, sunanta na da nauyi a wajen neman aiki, wannan babu musu. Amma shigarta akwai wuya wallahi. Ƙasa da maki 200 a JAMB ko kallonka ba sa yi, kuma kiredit biyar ɗin nan a zama ɗaya suke so, ba a haɗa WAEC da NECO. Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne yadda ake raba gurbi a jami'o'in tarayya: kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. To mu da takardar asalinmu ke ɗauke da Kano ko Katsina ko Jigawa ko Sakkwato, a wannan kashi 20 ɗin muke, kuma dama ce babba da muke barinta tana wucewa saboda tsoro kawai. Na ce mata Hajiya ƙarama, je ki karɓo takardar ƙaramar hukuma tun yanzu kafin a fara rububi.

LASU, jami'ar jihar Legas, tana Ojo, 1983 aka kafa ta, kusa da Alaba Rago inda 'yan uwanmu suke da yawa, wanda yake da kawu ko goggo a can ya samu sauƙin masauki. Sai dai 'yan asalin jihar ake fara dubawa, kuma haihuwa a Legas ba ita ke mayar da kai ɗan asali ba.

Yanzu ga abin da ba a rubuta shi a kowane fom ba, hanya. Lakcar ƙarfe takwas ba ruwanta da goslo. Daga Agege zuwa Akoka yanzu da ɗan dama-dama tunda jirgin ƙasan Red Line yana tsayawa a Agege da Yaba, ka sauka ka hau mota ta shiga da kai ciki. Amma Agege zuwa Ojo kullum a danfo, ka fita bayan asuba ka dawo bayan isha'i jikinka duk ya mutu, yaushe za ka buɗe littafi? Kuma gado a hostel ɗin UNILAG ba ya isar ɗalibai, a intanet ake rububinsa, kafin ka ƙifta ido ya ƙare, ɗaki a Bariga ko Abule Oja kuwa kuɗinsa zai iya fin kuɗin makarantar. Ka haɗa lissafin mota da haya da abinci na shekara huɗu sannan ka kwatanta da BUK ko ABU Zariya, inda rayuwa ta fi araha kuma dangi na kusa, ni a ganina mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da wurin kwana kusa da makaranta gara ya tafi can.

Yabatech ma, kwalejin fasaha ta Yaba, kar a raina ta, tun 1947 take, ka yi difloma ta ND ka shiga jami'a aji biyu kai tsaye ta hanyar da ake kira Direct Entry. Karatun fatayim kuma ka sani ba a zuwa bautar ƙasa da shi.

Maganar da ta fi ci min rai ita ce "ka shiga ko wane kos ne, daga baya ka yi tiransifa". Ni na gwada. Na fara a wata jami'a a Arewa, na so in dawo kusa da Mama lokacin da ba ta da lafiya, na yi wata da watanni ina zaryar transkirif, fayil ɗina a kan tebur ɗaya an ɗora masa kofin shayi har ya yi shaida, yau a ce oga ya fita gobe a ce babu netwok. Da aka gama kuma aka ce makina bai kai ba, saboda na yi wasa a aji ɗaya, na kwaso karioba biyu, wato darussa biyu da na faɗi sai na maimaita, a semistar farko. CGPA, wato matsakaicin makinka na duk karatun, tarawa yake, 4.50 zuwa sama shi ne fes kilas, 3.50 zuwa 4.49 tu-wan, in ka faɗi ƙasa da wuri jan shi sama sai ka sha wuya. Canjin makaranta ko canjin kos duk makin aji ɗaya suke dubawa, sai kuma in akwai gurbi, kuma dole canjin ya bi ta JAMB, in ba haka ba ranar bautar ƙasa ka nemi sunanka ka rasa.

Ƙanwata dai UNILAG ta saka a farko, Baba ya amince bayan mun yi magana da wata goggonmu a Idi-Araba ta ce ta zo ta zauna wajenta. Yanzu kullum tana kan tsofaffin tambayoyin jarabawa, Allah ya ba ta sa'a.