OpenFOAM wajen lissafin hargitsin ruwa a cikin famfo mai farfela

OpenFOAM manhaja ce ta kyauta, mai lissafin kwararar ruwa da iska, da aka saki ga kowa a 2004, kuma tana iya lissafin famfo da injin tabain (injin da ruwa ko iska ke juya shi) yadda ya kamata. Wata matsalarta: ba ta tsawatar wa mai aiki da ita. Ka ba ta lamba marar kan gado, za ta karɓa ta ci gaba. Manhajar na da reshe fiye da ɗaya; bayanin nan kan reshen openfoam.com ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce simpleFoam (mai lissafin kwararar da ba ta sauyawa da lokaci) da dabarar MRF: farfelar na tsaye cak, sai a ƙara ƙarfin juyawa a cikin lissafin yankin da ke kewaye da ita. Saurin juyawa da radiyan a daƙiƙa ake rubuta shi, wato famfo mai juyi 1450 a minti 151.8 zai samu. Duk bangon da ba ya juyawa amma ya faɗo cikin yankin, a sa shi a jerin nonRotatingPatches, in ba haka ba zai riƙa jan ruwa tare da farfelar. Idan famfon na aiki a gudun da aka ƙera shi dominsa, sakamakon na da kyau. Da ruwa ya ragu sosai, ya fara rabuwa da fikafikan yana komawa baya, MRF ta daina faɗin gaskiya, domin matsayi guda na farfelar kawai take gani.

Nan sai pimpleFoam (mai bin sauyin kwarara da lokaci) da AMI (mahaɗar fuskar sashe mai juyawa da ta sashe tsayayye), inda ragar lissafin kanta, wato ƙananan gidajen da aka raba yankin ruwan zuwa gare su, ke juyawa. Digiri ɗaya a kowane takin lokaci, kusan daƙiƙa 0.000115 ke nan, kuma a bar shi ya yi zagaye da dama kafin a fara ɗaukar matsakaici. A sa ido kan jimillar nauyin AMI: ta tsaya kusa da 1. In ta gangara zuwa sifili, fuskokin biyu ba su haɗu ba, lissafin zai tarwatse.

Wajen lissafin hargitsin ruwa, samfurin k-omega SST na masani Menter, na 1994, shi ne zaɓin farko, sai dai ba ya jin tasirin juyawa da lanƙwasa sosai. Inda manhajar ta fi ba da haushi shi ne raga: snappyHexMesh, mai gina ragar, kan watsar da siraran layukan jikin bango a bakin fiffike, y+ (ma'aunin nisan layin farko daga bango) ya faɗa tsakanin 5 da 30, inda kuskure ke shiga ƙarfin murɗa. Manhajojin Ansys CFX da TurboGrid sun fi ta a nan nesa ba kusa ba, amma lasisinsu na kuɗi ne.