Ɗaki na 27 a British Museum: abin da za ka gani a kayan turkwas na Aztek, da abin da gilashi ya ɓoye

Gidan tarihi na British Museum da ke Landan yana da kayan adon dutsen turkwas guda 9 na mutanen Meksiko na dā, cikin kimanin 25 da suka rage a duk Turai. Mazauninsu Ɗaki na 27, wanda ake kira ɗakin Meksiko. An buɗe shi a 1994, kuma wani mai zanen gini ɗan Meksiko, Teodoro González de León, ya tsara shi. Ɗakin ƙarami ne, mai saurin tafiya zai ratsa shi cikin minti 5. Amma duk wanda ya san aikin hannu, ko maƙeri ne ko baduku ko mai sassaƙa, ya ware masa awa guda, domin aikin da ke ciki sai an matso an ƙura ido yake bayyana.

Shiga kyauta ne. Ana buɗewa kullum daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma, ranar Juma'a har 8:30 na dare. Gara a yanki tikitin kyauta ta intanet kafin a zo, kuma a duba shafin gidan ko ɗakin yana buɗe, don akan rufe wasu ɗakuna na ɗan lokaci, akan kuma ba da aron kaya ga wasu gidajen tarihi. Babbar ƙofa tana titin Great Russell, amma ta bayan gidan, wadda ke Montague Place, ta fi kusa: ka shiga Ɗaki na 24, ka ratsa na 26, sai ka iske na 27. Ba a shiga da babban akwati mai taya.

Turkwas shi ne dutsen da Larabawa ke ce wa fairuz, launinsa tsakanin shuɗi da kore. Jan ƙarfen da ke cikinsa ke ba shi shuɗin, idan kuma baƙin ƙarfe ya yi yawa sai ya karkata zuwa kore. Aztek suna ce masa xihuitl, kalmar da a harshensu na Nahuwatil take nufin shekara, take kuma nufin ɗanyar ciyawa. Kambin sarkinsu ma da shi ake yi. Ba su cika sassaƙa shi dunƙule ba. Yanka shi suke ƙanana-ƙanana, su goge, su jera a kan itace da ƙaro har sai itacen ya ɓace. Wannan jeren shi ne mozayik.

Abin da kowa ke zuwa gani shi ne maciji mai kai biyu. Faɗinsa santimita 43, tsayinsa kusan 20 da rabi. Daga gungume ɗaya aka sassaƙa shi, na itacen sedro, ɗan'uwan maɗaci da dogon yaro, mai sauƙin sassaƙa kuma mai ƙamshin da ƙwari ba sa so. An rarake bayansa don ya yi sauƙin ɗauka, akwai kuma hudoji a samansa na zura igiya, shi ya sa ake ganin a ƙirji ake rataya shi lokacin buki. An lulluɓe gabansa da gutsattsarin turkwas kimanin 2,000. Kawunan biyu an yi musu ado gaba da baya, jikin kuwa gaba kawai.

Ka tsaya a gefe, kada ka tsaya tsaf a gabansa. Daga gefe ne za ka ga cewa manyan gutsattsari suna bin tsakiyar jikin kamar ƙashin baya, ƙanana kuma suna cike gefuna inda jikin ya lanƙwashe. Dalilin a fili yake: babban yanki mai lebur ba ya kwanciya a kan lanƙwasa, zai ɗaga gefe ya ɓalle, sai ƙarami, wani ma bai kai ƙwayar dawa ba. An kuma fiƙe gefen kowane yanki a karkace, fuskarsa ta fi gindinsa faɗi, ta yadda fuskokin za su haɗu ƙam a sama, ƙaron ya samu wurin zama a ƙasa ba tare da ya tsattsafo ba. Duk wannan ba da ƙarfe aka yi ba. Dutsen wasa ne da yashi da ruwa da haƙuri. Jan da ke dasashi da hanci kwanson wata halittar teku ne mai ƙaya, Spondylus, fararen haƙoran kuma kwanson babbar katantanwar teku. Ƙaron iri biyu ne: na itacen fayin, da kopal, wato turaren da ake samu daga bishiyar Bursera, dangin hano da dashi. A cikin baki an gauraya ƙaron da jan garin dutsen ƙarfe, don ko an hango shi tsakanin haƙora ya saje da dasashi. Wannan ƙaramin tunani shi ke raba gwani da ɗan koyo. Idanun babu komai yanzu, sai ɓurɓushin kakin zuma da ya taɓa riƙe abin da ke ciki.

Kusa da shi akwai fuskar da ake dangantawa da Tezcatlipoca, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu. Mai zuwa da yara ya sani tun daga gida: ƙoƙon kan mutum ne na gaske. An yanke bayansa, an shimfiɗa fatar barewa a ciki, fatar ce kuma ta riƙe muƙamuƙin ƙasa har yana iya motsi. An jera turkwas da baƙin gawayin ƙasa layi-layi a kwance, idanun kuma dutsen fayirayit ne mai ƙyallin zinariya, an zagaye shi da farin kwanso. Dogayen igiyoyin fatar da ke jikinsa sun nuna ɗaura shi ake yi a jiki a matsayin kayan buki, ba a fuska ake sa shi ba.

A wajen aiki dai, fuskar da ake dangantawa da Xiuhtecuhtli, abin bautarsu na wuta, ta fi shi. An zaɓi duwatsu masu duhu an zana da su layin gira da gefen hanci, masu haske suka cike kumatu, sannan aka dasa wasu masu tudu nan da can kamar ƙuraje. Zanen duk da bambancin launin dutse ɗaya aka yi shi, babu fenti. Ke nan kafin a fara manna komai sai an zauna an ware dubban gutsattsari gwargwadon launinsu. Fuska ta uku macizai biyu ne, shuɗi da kore, suka zagaye idanu suka murɗe juna a kan hanci. Ta fi sauran zubewa, kuma wannan ya zama alheri ga mai son koyo, don a nan ake ganin itacen da ragowar ƙaron.

Sai wuƙa mai ruwan dutsen ƙanƙara, ƙotarta mayaƙi ne a durƙushe cikin shigar gaggafa. Ta haɗa turkwas da koren dutsen malakayit da kwanso kala-kala. Aztek suna yanka mutane don ababen bautarsu, wannan ba a musu a kai, kuma da yawa suna ɗauka da wannan wuƙar aka yi. Amma da masu binciken gidan suka ɗauki hotonta da na'urar ganin ciki, sai aka ga ruwan bai shiga ƙotar da zurfi ba, ba zai jure yanka mai ƙarfi ba. Ta buki ce. Sauran huɗun, wato garkuwa da kwalkwali da ƙaramin kan dabba da wata dabba mai kamar damisa ɗauke da ƙoƙo a bayanta, ba su kai waɗannan jan ido ba, ko da yake garkuwar tana da ƙananan siffofin mutane da suka cancanci a duba.

Ɗakin yana da duhu, kuma masu ziyara kan yi ƙorafi a kai. A nan gidan yana da gaskiya. Dutsen ba shi ne mai rauni ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Itace yana kumbura da laima, ya tsuke da bushewa, ƙaron da ya shekara 500 kuwa ya bushe ya zama kamar gilashi, ba ya bin motsin itacen, sai ya tsage, gutsattsarin su zube. Zafin fitila yana ƙara wannan, haske kuma yana cin fata. Turkwas ɗin kansa yana shan mai da gumi ya sake launi. Don haka ka ba idonka minti biyu ya saba. Kashe filashar waya, ba abin da za ta ba ka sai ƙyallin gilashi. Ƙaramin madubin hangen nesa mai iya gani kusa ya fi waya amfani a nan.

Inda ɗakin ya gaza shi ne wajen nuna yadda aka yi aikin. Gidan ya yi bincike mai zurfi a kan itacen da ƙaron da kwanson, amma mai tsayawa gaban gilashi ɗan taƙaitaccen rubutu yake samu. Abin da ya fi koyarwa, wato ramin bayan macijin da cikin fuskokin da gefen gutsattsarin, ba ya ganuwa sosai. Da an ajiye guntun sedro da dunƙulen kopal da ɗanyen turkwas da rabin aikin da ba a gama ba, da mutum ya fita da fahimtar da rubutu ba ya bayarwa. Maganin wannan a yanzu shi ne ka buɗe kundin kayan gidan a intanet kafin ka je, ka duba hotunan kowane ɗaya da bayaninsa.

Akwai abubuwa biyu kuma da ya kamata ka riƙe a ranka. Na farko, sunan Aztek da ke kan kayan bai nufin lallai su suka yi ba. Mistek, mutanen yankin Oaxaca, su ne suka shahara da wannan sana'a da ƙirar zinariya, kuma kaya irin waɗannan suna shiga Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a matsayin haraji. Kundin Mendoza, wanda ke ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, ya nuna lardin Yoaltepec yana kai fuskokin turkwas 10. A kabari na 7 a Monte Albán, wani tsohon birni a Oaxaca, wanda Alfonso Caso ya tono a 1932, an samu ƙoƙon kai mai irin wannan ado cikin kayan Mistek. Na biyu, an daɗe ana koyar da cewa dutsen daga kudu maso yammacin Amurka ake kawo shi, tafiyar dubban kilomita. A 2018 Alyson Thibodeau da abokan aikinta suka auna sinadaran dalma da sitirontiyam a gutsattsari 43, mafi yawansu daga babban wurin bautar Aztek, Templo Mayor, suka ga ba su dace da ma'adinan can ba, sun fi kama da duwatsun yankin Meksiko. Ba kayan Landan aka auna ba, amma sakamakon ya isa ya sa a yi hattara da tsohuwar maganar.

Haka ma a yi hattara da labarin cewa kayan nan kyauta ce da sarkin Aztek, Moctezuma na biyu, ya ba Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifen, a 1519. Cortés ya aika kaya irin waɗannan Turai, gaskiya ne, amma babu takardar da ta haɗa waɗannan tara da waccan kyautar. Abin da aka tabbatar shi ne sun bayyana a hannun masu tara kayan tarihi a ƙarni na 19. Wasu sun zo ta hannun Henry Christy, wanda ya rasu a 1865, macijin kuma an saye shi daga Rum a 1894. Yanayin da suka bar Meksiko, bayan faɗuwar Tenochtitlan a 1521 ko gab da ita, tambaya ce mai nauyi, kuma ɗan Najeriya ba baƙo ba ne gare ta: daga Ɗaki na 24 matakala tana sauka zuwa na 25, inda tagullan Benin suke.

Kafin ka fita, ka ba duwatsun Yaxchilán na mutanen Maya minti 10, musamman dutse mai lamba 24, inda sarauniya Xook ke jan igiya mai ƙaya ta cikin harshenta a shekarar 709, sarki yana riƙe mata wuta. Dubi zanen saƙar rigarta, an sassaƙa shi zare-zare a jikin dutse.

Lokaci mafi kyau shi ne da zarar an buɗe, ko daren Juma'a bayan ƙarfe 6, sa'ad da ayarin 'yan makaranta suka watse. Gilashin macijin ba ya ɗaukar fiye da mutum huɗu ko biyar a gabansa, da tsakar rana kuwa da wuya ka samu tsayuwar minti ɗaya. Fara da fuskar macizai biyu da ta zube, ka ga itace da ƙaro, sannan ka koma kan macijin.