Stockfish a kan tsohuwar kwamfutata

Wata uku ke nan ina duba wasanninmu na darar Turawa, wadda muke ce wa eshek, da manhajar Stockfish. A fadarmu ta Bukoki muke bugawa bayan isha'i. Kwamfutata ta hannu ce, na saye ta a Babbar Kasuwa, kuma ba ta da katin hoto mai ƙarfi. Wata manhajar eshek mai suna Leela Chess Zero na fara gwadawa, amma ita sai da wannan kati take sakin jiki, a tawa tafiyar hawainiya ta yi ta yi. Stockfish kuwa kyauta ne, kuma kafin shayin farko ya tafasa ya gama bin wasa guda.

Dalilin saurin nan shi ya fi burge ni. Tun fitowar Stockfish 12 a Satumba 2020 yake auna wasa da wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lissafi mai suna NNUE, wadda Yu Nasu ya ƙirƙiro a 2018 don shogi, darar mutanen Japan. Dabarar irin ta mai kanti ce: in ya sayar da sabulu ɗaya ba ya sake ƙirga kayan kantin kaf, ragewa yake yi daga jimillar da ke hannunsa. To haka nan, idan doki ya tashi daga wani gida ya sauka a wani, sashen farko na ƙwaƙwalwar, wanda ya fi sauran girma, ba ya sake lissafi daga tushe. Kason tsohon gidan yake cirewa, ya ƙara na sabon. Ga shi lambobinsa ƙanana ne marasa ɗigo, inji yana haɗa da yawa a tashi ɗaya.

In za ka sauke, ka kula, iri-iri ne. Na kwana biyu a kan na tsofaffin injuna kafin na gane tawa tana ɗaukar mai AVX2, wato wanda aka yi don injunan da suka fi sabunta, kuma da na canza na ga bambanci nan take. Yana shan batir sosai, a zafin Yamai fanka har kuka take, shi ya sa rabin ƙarfin injin kawai nake ba shi.

Inda ya gaza mini shi ne koyarwa. Ran nan ƙanena ya sa yatsa a allon ya ce, "Yaya, don me ya ce +1.5 alhali ba a ci mini komai ba?" Lamba kawai ya ba mu, mai nuna cewa farare ne ke gaba. Sai da muka jera ƴaƴan darar a kan tabarma, muka bi tafiya shida da hannu, sannan muka ga sarkin da aka bari a fili.