Harbor da PostgreSQL a kwantena: yadda na same su

Ma'ajiyar hotunan kwantena (wato ƙunshin manhaja da ake tayarwa a keɓe a kan saba) ta kanmu muke so a wurin aiki, musamman tun da Docker Hub, ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa a intanet, ya taƙaita yawan saukewa ga masu amfani kyauta a Nuwamban 2020. Muka zaɓi Harbor, manhajar ajiye irin waɗannan hotuna da ta fito daga kamfanin VMware, ta koma hannun gidauniyar CNCF a 2018. Girka ta ba wuya: ka cika fayil ɗin saituna harbor.yml, ka kunna fayil ɗin girkawa install.sh, shi ke nan. Ƙaramar saba mai ƙwaƙwalwa gigabait 4 ta ɗauke ta.

Inda aikin yake shi ne rumbun bayanai. Harbor na zuwa da nata PostgreSQL, wato manhajar rumbun bayanai, amma ni na ware shi a kwantenarsa daban, na nuna mata hanya ta sashen external_database na harbor.yml, a ƙofa ta 5432. Dalilina kuwa, hotunan kansu suna kan faifai ne, amma sunayen ayyuka, masu izinin shiga, lakabin kowane hoto da sakamakon binciken Trivy (manhajar gano raunin tsaro) duk a rumbun suke. In ya salwanta, kamar shago ne cike da kaya babu littafin lissafi. Don haka dole a ɗaura wa kwantenar wurin ajiya na dindindin a kan faifan saba, in ba haka ba ranar da aka goge ta a rasa inda bayanan suka shiga.

Sai maganar haɗi. PostgreSQL haɗi 100 yake karɓa a lokaci guda in ba a taɓa shi ba, alhali Harbor na iya neman fiye da haka idan ana ta tura hotuna. Na ɗaga max_connections, wato iyakar haɗin PostgreSQL, na sa wa max_open_conns, wato yawan haɗin da Harbor ke buɗewa, iyaka, tun daga nan lafiya lau.

Abin da ke son haƙuri shi ne sabuntawa. Ba a canza lambar babban sigar PostgreSQL kawai a tayar da kwantena, domin sabo ba ya karanta fayilolin tsoho. Hanya ɗaya ita ce a kwashe bayanan da umarnin pg_dump a zuba a sabon. Ni kam kowane dare nake kwashewa zuwa wata na'ura.

Kalmar sirrin admin da ake tararwa, Harbor12345, duniya ta san ta. A canza ta kafin a buɗe wa kowa. Ga ƙaramin ofis mai mutum biyu ko uku, rumbun da ya zo da Harbor ya wadatar. Warewar sai wanda zai iya kula da ita.