Ƙarin falle ko sabon sifirin gaba ɗaya: amsa ga mai Land Cruiser 75

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya a kan motarsa, Land Cruiser 75 a-kori-kura ƙirar shekarun 1990, wadda bayanta ya zauna har aksul yana bugun robar shasi da zarar an ɗora mata buhuna. Bakanike ɗaya ya ce a ƙara wa sifirin falle biyu, wato dogayen ƙarafan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya su zama sifirin, wani ya ce a sauke sifirin duka a sa sabo, na uku kuma ya ce absoba mai gas za ta ɗaga ta.

Malam, mu fara sallamar na uku. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, kuma shi ke tsayar da mota a tsayinta. Aikin absoba shi ne ta kashe tsallen da sifirin ke yi bayan an faɗa rami. Ko da ka sa mafi tsada a kasuwa, motar da sifirinta ya gaji za ta ci gaba da zama yadda take.

Ƙarin falle shi ne mai araha, kuma a yini ɗaya ake gamawa. Yana da amfani idan tsoffin fallayen suna nan da lanƙwasarsu, babu tsagewa, kuma abin da ya sauya shi ne kayan da kake ɗauka. Amma idan ka durƙusa ka ga sifirin ya miƙe sambal kamar katako, ko ya fara lanƙwasa ta baya, to sabon fallen ne zai ɗauki aikin sauran duka, kuma ba zai jima ba shi ma ya kwanta. Babban falle na sama, wanda idonsa ke maƙale da shasi yana riƙe da aksul a wurinsa, yana nan da gajiyarsa ta shekara talatin, kuma shi ne idan ya karye a kan hanya aksul ke gocewa. Ga kuma tauri: motar da aka cusa wa fallaye ta dawo babu kaya, duk wanda ke ciki zai ji hanyar a ƙugunsa, tayoyin baya kuma su riƙa tsalle a gargada maimakon su kama ƙasa. Maganar kai wa maƙeri ya sa wuta ya dawo da lanƙwasa kuwa, ban goyi bayanta ba, domin wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen.

Sabon sifirin gaba ɗaya ya fi tsada nesa ba kusa ba, sai dai yana ba ka damar zaɓe. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Ironman na Ostareliya suna yin nasu hawa-hawa gwargwadon nauyin da ke zama a mota kullum, saboda haka ka lissafa abin da ba ya sauka, kamar tankin ruwa, taya ta biyu da akwatin kayan aiki, ba lodin da kake yi sau biyu a shekara lokacin kaka ba. A kula da abu ɗaya wajen saye: a 1999 Toyota ta sauya ƙirar, Land Cruiser 78 da 79 da suka biyo bayan 75 suka koma sifirin mai naɗi a gaba, na baya kuma aka ƙara masa tsawo, don haka na 79 ba zai zauna a 75 ba, ko da mai shago a Ƙofar Ruwa ya rantse duk ɗaya ne. Tafi da ma'aunin tsohon, daga ido zuwa ido. A ganina, ga motar da ta kai wannan shekaru kuma da ita ake neman abinci, sabo ya fi.

Absoba tana zuwa ne bayan an gama da sifirin, domin tsawonta ya dace da sabon tsayin motar. Iri biyu ce. Mai bututu ɗaya, irin ta Bilstein, ta raba mai da gas, tana saurin fitar da zafi, ba ta yin kumfa ko an yi awanni a gargada. Amma dutse ɗaya ya lotsa jikinta, ta gama aiki. Mai bututu biyu tana da rigar waje da ke kare ta, ta fi laushi da sauƙin kuɗi, kuma ga mai tafiya a hankali da kaya a hanyar ƙauye ta wadatar.

Ko wanne ka zaɓa, kada ɗagawar ta wuce milimita 50, domin daga nan tiyon birki da furofela ke fara neman gyara. A sa sababbin bushin da sababbin ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, kuma kada a ƙulle na bushin sai an sauke motar ta tsaya da ƙafarta. Sannan akwai wani bawul a baya da ke auna zaman mota ya ƙara wa tayoyin baya birki idan akwai kaya. Idan an ɗaga mota ba a saita sandarsa ba, zai ɗauka babu kaya alhali cike take, birkin baya ya yi rauni. Ka tsaya a kan bakanike har ya saita shi kafin ka fita daga gareji.